Rana Goma Sha Huɗu

A Tromsø, in watan Yuni ya kama,
rana ba ta san hanyar gida ba.
Tsakar dare tana tsaye kan teku
kamar baƙon da aka yi wa rakiya
ya toge bakin ƙofa yana ƙaro zance.

Ni ce Torunn. Shekara ashirin da shida
ina ɗaure igiyar takalmin 'ya'yan mutane,
ina share majina, ina raba faɗa kan cokali.
Yau na zube farantan takarda a tebur,
da fenti ruwan ɗorawa, da gam,
da almakashi mai dakusasshen baki.
Na ce kowa ya yi tasa ranar.

Tuva ta riga tunaninta kai hannu ga gam,
ta manne gashinta da gefen faranti,
ta yi ta kai-komo da rana a kunne.
Ba ta yi kuka ba sai da na cire mata.

Ánte ya yi wa tasa ƙahoni.
Ya ce can wajen kakansa, kan tsauni,
ta bayan garken barewa take leƙowa,
to ina laifi in ta ari nasu?
Sindre kuwa ya lashi shuɗi,
harshensa ya riga ni kai wa uwarsa labari.

Sai Eilif, ɗan shekara huɗu,
ido jawur, kumatu a kumbure.
Ya tsoma buroshi cikin baƙi,
ya shafe farantin kaf, har da 'yan yatsu.
Na ce, Eilif, ina hasken?
Ya ce, na kashe ta.
Ta hana ni barci, ta hana Mama,
Mama ta yi wa Baba tsawa a kicin.
Na buɗe baki zan gyara, na mai da shi na rufe.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka rataye su da zaren ulu
daidai tsayin goshin masu su,
wata a karkace, wata na ɗigar fenti,
tsakaninsu ƙwanson da muka tsinto a bakin ruwa
har yanzu yana warin gishiri.
Oddny, abokiyar aikina, ta so a jera su sahu,
ta so baƙar ta koma bayan ƙofa.
Na ce a'a. Ta taɓe baki ta tafi haɗa kofi.

Bazarar nan gajera ce kamar hutun ɗan dako.
Agusta, Idun ta bi iyayenta kudu,
ta bar tata mai ido ɗaya na maɓalli.
Salatif ya bushe, na sake.
Ya sake bushewa.

Ga Disamba. Yanzu ta sama ta yi yaji,
wata biyu ba ta, ba aike.
Da fitila ake kawo su da safe,
da fitila ake zuwa ɗaukar su,
dusar ƙanƙara ta kai rabin taga.
Muna shan kunun safe ƙarƙashin bangon nan,
sha uku na haska mu, ɗaya na tsaye shiru.

Ran Talata na ji jan kujera.
Eilif ne, ya ƙara tsawo da yatsa biyu,
ya hau, ya kama baƙin farantinsa,
ya juya shi. Bayan fari fat,
sai sunansa da na rubuta da biro
da sawun babban yatsa guda.

Ya sauko yana karkaɗe hannu.
Ya ce, na kunna ta,
amma in dare ya yi ki kashe.

Ƙarfe biyar na rufe tagogi,
na ɗauki makulli da safar hannu.
Har na kai ƙofa na dawo,
na juya masa ita.